Farashin da Ba a Rubuta a Jikin Kaya Ba

Waɗanda suka saba bibiyata sun san ba na wuce maganar lafiya, ta uwa da ta yaro da ta maigida. Yau ma can za mu ƙare, sai dai ta wata hanya za mu bi, wadda autar gidanmu ta ja ni cikinta ba da niyya ba.

Watannin baya ta same ni ina gugar fararen kayana zan tafi aikin dare, ta ajiye mini takardar gwaji a kan gado. Maki 9 cikin 30. Tana shekarar farko a sashen nazarin tattalin arziki na Jami'ar Bayero, kullum daga Panshekara take tashi, sai ta hau adaidaita sahu biyu kafin ta kai sabuwar jami'a da ke kan titin Gwarzo.

Ta ce, "Yaya, ni dai bari zan yi. Zan sake JAMB in nemi aikin jinya irin naki. Wannan karatun zane ne kawai, wani layi ya hau, wani ya sauka. Ban ga inda ya haɗu da rayuwar mutum ba."

Na san in maganar ta kai kunnen Baba ba zai hana ta ba. Shi da ma karatun da ake ganin rigarsa ya fi yarda da shi: likita, nas, lauya. Tun ranar da aka ba ta gurbin yake tambaya, "To in ta gama me za a kira ta?" Sai na ce kada ta gaya wa kowa tukuna, ta ba ni takardun darasin in tafi da su asibiti.

Da ƙarfe biyun dare ya wuce, an gama rabon magani, ɗakin ya yi tsit, na buɗe. Darasin shi ne wanda ɗalibai suke ce wa maikro. Ilimin tattalin arziki kashi biyu ne. Akwai mai duban ƙasa gaba ɗaya: hauhawar farashi, rashin aikin yi, darajar naira. Akwai kuma wannan, mai duban ɗaiɗaiku: yadda mutum ɗaya ko gida ɗaya ko kamfani ɗaya yake yanke shawarar abin da zai saya, da abin da zai sayar, da abin da zai haƙura da shi, da yadda waɗannan shawarwari suke haɗuwa a kasuwa su haifi farashi.

Tun a sakandare Auta ta haddace ma'anar da wani masani ɗan Ingila, Lionel Robbins, ya ba wannan ilimi a 1932. Tana zubo ta da Turanci babu gargada. Da na dawo da safe na ce ta faɗa mini da Hausa, sai ta yi shiru. A nan na gane inda makinta ya tafi. Abin da mutumin yake nufi bai wuce wannan ba: buƙatun ɗan Adam ba su ƙarewa, abin hannunsa kaɗan ne, kuma wannan kaɗan ɗin ana iya kashe shi ta hanya fiye da ɗaya, saboda haka zaɓi dole ne. Hausawa sun riga sun taƙaice shi: taura biyu ba ta taunuwa.

Daga nan babin farko ya ɗora cewa ainihin farashin abu ya haɗa da mafi amfanin abin da ka bari domin ka same shi. Naira dubu ɗayan da ka sayi kati na waya da ita, farashinta shi ne burodin yara da ba ka saya ba. Awa huɗun da kika yi a layi, farashinsu shi ne ɗinkin da za ki gama a cikinsu. Ina karanta wannan sai wani majinyaci ya faɗo mini a rai, na ji kunya ta kama ni ni kaɗai a ɗakin.

Magidanci ne mai hawan jini, lebura a ɗaya daga cikin kamfanonin Challawa. A ba shi ranar dawowa wata ɗaya, sai ya yi wata uku. Duk zuwansa sai na yi masa faɗa. Ina ce masa, "Baba, nawa kuɗin katin yake? Me zai hana ka zuwa?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Ran nan da na matsa masa ya ce, "Sista, ranar da na zo nan ba a rubuta ni a wurin aiki. In na yi fashi biyu, ga mutane nan tsaye a bakin get suna jiran gurbina."

Na ji maganar a lokacin, amma ban lissafa ta ba. Ni kuɗin kati nake gani, don shi ne a rubuce a jikin bango. Shi kuwa yana ganin kuɗin kati, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da ladan wuni guda da ba zai samu ba, da cefanen gida na wannan ranar, da yiwuwar rasa aikin ɗungurungum. Da na jera su sai na ga kuɗin katin shi ne mafi ƙanƙanta a ciki. Mutumin da nake ɗauka mai sakaci ne ashe lissafi yake yi, kuma ya fi ni sanin alƙaluman.

Wannan labarin na ba Auta. Na ce ta rubuta mini abin da zuwa asibiti yake ci wa wannan bawan Allah. Ta cika shafi guda ba ta buɗe littafi ba. Tambaya irin wannan ce ta faɗi a gwajin.

Babi na gaba shi ne na layukan nan da suke ba ta haushi. Ɗaya yana nuna yawan abin da masu saye za su ɗauka a kowane farashi, ɗayan yana nuna yawan abin da masu kaya za su kawo. Alfred Marshall, wanda littafinsa na 1890 ya zama uban littattafan wannan fanni, ya kwatanta su da baki biyu na almakashi: ba a cewa ga wanda ya yanka ƙyallen. Wannan ba mu sha wahala ba, don Mama ce ta koyar da shi tana tsinke zogale. Da rani, lokacin da tumatirin Kadawa da na Kura yake cika kasuwar Kwanar Gafan, kwando yana arha har wani ya ruɓe a hannun manomi. Da damina ta shigo ya yi wuya, farashi ya tashi. Auta ta tambaye ta, "Mama, in ya yi tsada me kike yi?" Ta ce, "Me kuwa zan yi? In koma kauɗa, ko na leda, ko in kaɗa muku kuka ku sha."

Amsar Mama tana da suna a littafin. Akwai kayan da buƙatarsu take kamar danƙo, tana miƙewa tana tsukewa: farashi na tashi mutane su janye, domin akwai madadi. Tumatir ke nan, da gas ɗin girki da mata da yawa suka ajiye suka koma gawayi. Akwai kuma kayan da buƙatarsu ba ta motsi sosai komai tashin farashi, domin babu madadi ko kuma barinsu ba ya yiwuwa. Misalin da takardun suka bayar shi ne gishiri da magani.

A nan na ja da littafin. Na ce wa Auta wanda ya rubuta wannan ya zo ya yi mako ɗaya a ɗakinmu.

Ku tuna abin da ya faru a 2023. Ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dalar da hukuma take sayarwa naira 460 da ɗoriya ta haura 1,500 a farkon 2024. Magungunanmu da yawa daga waje suke zuwa, waɗanda ake haɗawa a nan ma sinadaransu galibi daga Indiya da China ake shigo da su, da dala. A watan Agusta kamfanin GSK ya sanar zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, masu asma da suka dogara da Ventolin sun san yadda farashinsa ya ninka bayan nan.

Abin da na gani da idona shi ne mutane sun rage shan magani. Ana raba ƙwaya biyu. Ana sha yau a tsallake gobe. Ana sayen na kwana biyar maimakon na wata, in ya ƙare sai an ji ciwon kai a sake saye. Akwai wata baiwar Allah mai sayar da abinci a bakin wani kamfani a Sharaɗa, shekara da shekaru tana shan maganin hawan jininta ba fashi. Da shinkafa da mai suka tashi jarinta ya fara karyewa, sai ta koma rabin ƙwaya. An kawo ta da asuba baki ya karkace, hannu da ƙafa na dama ba sa motsi. Ta rayu, alhamdu lillahi, amma tukunyar ta tsaya, kuma 'yarta da take aji biyar a sakandare ita ce ta zauna jinya.

Auta ta tafi da wannan ƙorafin nawa makaranta, bayan kwana biyu ta dawo da amsa, kuma amsar ta fi tambayar ciwo. Ta ce, "Yaya, kalmar ce ta ruɗe mu. Abin da littafin yake kira buƙata ba larura yake nufi ba. Sai mutum yana son abu kuma yana da kuɗin biya sannan kasuwa take ƙirga shi. Wanda ba shi da kuɗi, komai tsananin larurarsa, ba ya cikin layin." Ta ƙara da cewa gishiri ba ya motsi ne domin kuɗinsa ɗan kaɗan ne a cikin cefane. Abin da yake cin babban kaso na samun mutum kuwa, ko dole ne, in ya tashi sai an rage, domin aljihu yana da iyaka.

Na ƙara mata da abin da na sani ta ɓangarena. Yunwa tana magana yau, kuɗin makaranta yana da ranar kora, mai haya yana buga ƙofa. Hawan jini shiru yake yi. Mai shi zai iya yin watanni bai ji komai ba alhali jijiyoyi da zuciya da ƙoda suna lalacewa. Shi ya sa in ana neman abin da za a yanke a gida, maganin da ba a jin amfaninsa a jiki shi ake fara yankewa. Farashin da ba a rubuta ba yana zuwa daga baya: shanyewar ɓarin jiki, ko wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, wanda zama ɗaya kawai ya fi kuɗin ƙwayar watanni. Ga kuma wanda ba a biya da kuɗi, irin karatun yarinyar nan.

Akwai wani babi can gaba da ban buƙaci bayani ba, don a cikinsa na girma. Yana magana a kan cinikin da mutum biyu suke yi, na uku da ba ya wurin ya biya wani ɓangare na kuɗin. Duk ɗan Panshekara ya san warin da iska take kawowa daga wajen kamfanonin jima, ya san launin ruwan da yake bin magudanai ya nufi kogin Challawa. Haka na Sharaɗa yake bin Salanta, na Bompai ya bi Getsi ya haɗe da Jakara. Ana amfani da sinadarin kuromiyam wajen jimar fata ta zamani, kuma a gefen waɗannan ruwaye akwai masu noman rani da masu kiwo da masu kamun kifi. Wanda ya sayi takalmin fata a Italiya ya biya kuɗin fata da na lebura da na jirgi. Kuɗin ruwan da ya ɓaci ba ya cikin rasit ɗinsa, mazauna bakin kogin ne suke biya. Wani masani ɗan Ingila, Arthur Pigou, ya kawo shawara tun 1920 cewa a ɗora wa mai ɓarnar haraji daidai ɓarnarsa, domin kuɗin ya koma kan mai shi, ya ga gara ya tace ruwansa.

Auta ta ce to a rufe su mana kawai. Na ce ta koma babin farko. Majinyacina na ɗazu a can yake samun abin da yake ciyar da iyalinsa. Mun ga yadda masaƙun Kano suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, mun san gidajen da tukunya ta daina hawa wuta saboda haka. Rufewa ma tana da farashi, barin ruwan haka ma yana da nasa. Karatun bai ce ga amsa ba, ya dai hana mutum yin kamar ɗaya daga cikin biyun kyauta ne.

Kada a ce na yi ta yabo. Mama ta kama littafin da wani laifi, kuma ina ganin da gaskiyarta. Da Auta ta gaya mata cewa darasin yana ɗauka kowane mutum ribar kansa yake bi, sai ta ce, "To kwanon da nake aika wa makwabciyarmu tun da mijinta ya rasu, a wane layi aka zana shi?" Lallai ƙaramin darasi na shekarar farko yana sauƙaƙa ɗan Adam fiye da yadda yake. Zumunci da zakka da sadaka da adashi suna riƙe da gidaje da yawa a unguwarmu, kuma matar nan ta Sharaɗa da gudummawar 'yan'uwa aka sallame ta. Ɗalibi ya riƙe littafinsa, ya kuma san akwai abin da ya rage a waje.

Ga abin da na sauya a wurin aiki. Na daina tambayar "me ya hana ka zuwa?" Yanzu cewa nake, "In ka zo, me kake rasawa?" Da mutumin Challawa ya sake dawowa na shiga da shi wurin likita na faɗi halin da yake ciki. Aka mayar da shi kan maganin da ake sha sau ɗaya a rana, na kamfanin da ya fi sauƙin kuɗi, aka tsawaita masa ranar dawowa, aka ce ya riƙa auna jininsa a kyamis na kusa da gida yana rubutawa a takarda. Jinin bai sauka yadda muke so gaba ɗaya ba, amma ya sauka, kuma bai sake yin fashi ba.

Ku ma a gida ga abin da nake roƙo. In kuɗin magani ya fi ƙarfinku, ku faɗa wa likita ko nas ko mai haɗa magani ƙarara, babu abin kunya. Yawancin magungunan hawan jini da na suga suna da irinsu na wasu kamfanoni masu arha, sinadari ɗaya, a dai duba lambar NAFDAC kuma a saya a wurin da aka amince da shi. Kada a raba ƙwaya ko a tsallake rana ba da sanin likita ba. In za a zauna lissafin wata, a sa maganin Baba ko na Mama a sahun shinkafa, kada a bar shi a sahun abin da za a saya in canji ya ragu. Wanda yake da halin shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, KSCHMA, ya je ya tambayi sharuɗɗansa. In kuma tsoho yana fashin asibiti, kafin a yi masa faɗa a tambaye shi wa zai tsare masa shago ko wa zai biya masa mota. Wani lokacin abin da zai gyara lamarin bai wuce ɗa ya ba da rabin wuninsa ba.

Ɗalibai masu wannan darasi, shawarata ɗaya ce. Duk abin da aka koya muku, ku dawo gida ku faɗa wa mahaifiyarku da Hausa, da misalin kasuwar unguwarku. In ta gane, kun gane. In kuka kasa, hadda kuka yi, kuma ranar jarrabawa za ta gudu ta bar ku. Lissafin da zanen dole ne a zauna a koye su, babu hanyar kewaye, amma sun fi zama a kai in an san tumatirin wa ake zanawa. Iyaye kuma a yi haƙuri da karatun da ba shi da riga. Masu sa farashin magani da na wuta da na mota, da masu tsara albashi da haraji, wannan karatun suka yi. Gara a samu 'ya'yanmu a cikinsu, waɗanda suka san abin da wuni ɗaya yake nufi ga lebura.

Ita Auta fa? Na ce ta auna shawararta da ma'aunin darasin. Kuɗin rajistar da aka biya ya riga ya tafi, ko ta zauna ko ta bari ba zai dawo ba, saboda haka kada ta zauna dominsa. Ta duba gaba kawai: in ta bari, shekara guda za ta tafi, kuma gurbin jinya ba tabbas ba ne. In ta zauna, ta haƙura da aikin da ake samu da wuri. Na gaya mata gaskiyar aikina, daɗinsa da aikin darensa. Ta yi mako tana tunani, ta yi istihara, ta ce za ta zauna. A jarrabawar ƙarshen zango ta samu C. Ba wani abin a buga ganga ba ne, amma daga 9 cikin 30 ne. Baba har yanzu yana tambayar me za a kira ta. Ranar nan dai na ji shi yana ce mata ta zo ta duba masa ko ya fi riba ya sayar da masararsa yanzu ko ya ajiye zuwa bazara.

Ina so in ji daga gare ku. Tun da abubuwa suka tashi, mene ne aka fara yankewa a gidanku, kuma me ya biyo baya? Masu kula da iyaye masu hawan jini ko suga, wace dabara kuka yi maganin bai yanke ba? Ku rubuto, wata ƙila abin da ya fisshe ku ya fisshi wani.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yalwata mana abin hannu, Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.